A kai wa ungozomar ƙauye makaranta inda take



Duk wanda ya taɓa kwana a ƙofar gidan haihuwa yana jiran labari, ya san yadda daren nan yake da tsawo. Miji yana zaune bisa tabarma yana jan tasbaha, uwar mai naƙuda tana kai da kawowa, a cikin ɗaki kuwa mace guda ce, da fitila, da hannuwanta biyu, da abin da ta koyo daga makaranta. Idan abin da ta koyo ya isa, kuma Allah ya nufa, gari na wayewa sai a ji guɗa, a shiga shirin suna. Idan bai isa ba, sai a shiga neman mota ko amalanke cikin duhu, wani lokaci ma kafin a kai ga kwalta rai ya yi halinsa. Don haka maganar ilimin ungozoma magana ce ta kowane magidanci, ta mai gari da liman, ta perfe da magajin gari, ko da ba su taɓa taka ƙofar makarantar likita ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani salon karatu da ya bazu cikin duniya, musamman tun shekarar 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Ma'aikaci mai difloma yana ci gaba da neman ilimi mai zurfi ta hanyar intanet, yana wurin aikinsa, malaminsa kuwa yana wani birni ko wata ƙasa. Jami'o'i da yawa na Turai da na Afirka suna ba da irin wannan karatu ga ungozomomi da ma'aikatan jinya da likitoci, har zuwa matakin da ake kira mastar. A nan gida mutane sun rabu biyu. Waɗansu sun ce wasan yara ne, ba a koyon karɓar haihuwa cikin wayar salula. Waɗansu kuma sun ɗauke shi maganin kowace cuta, a ganinsu da an raba wa ma'aikata kwamfuta shi ke nan an gama. Ni dai ra'ayina, ga gundumomi irin su Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, wannan hanya ta cancanci gwamnati ta riƙe ta da hannu biyu, ta tsara ta da kanta. In kuwa aka bar kowa ya yi ta kansa, za ta cinye albashin ƴaƴanmu mata, ta bar su da takardar da ba ta ƙara musu komi.

Mu fara duba ƙasar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutane fiye da dubu 800 cikin gundumomin nan uku na jihar Tawa, yau kuwa sun haura miliyan nesa ba kusa ba. Malbaza ma ba ta zama gunduma ba sai a 2011, da aka cire ta daga jikin Ƙonni. Ƙasa ce mai yawan jama'a, ta manoman albasa da gero, ta fatake da ƴan ci-rani, inda in rani ya tsaya sai ka shiga gari ka tarar da mata da tsofaffi da yara, maza sun tafi Najeriya ko Abijan ko Libiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa mace ƴar Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a tsawon rayuwarta, na 2021 kuma ya nuna an sauko zuwa 6 da ɗoriya. A binciken na 2012, cikin haihuwa dubu 100 mata 535 ne suke rasa ransu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce 441. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma wanda ya binne matarsa ba ya jin sauƙin lissafi.

Hukuma ba ta zauna ba, dole a faɗa. Tun 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, a 2024 kuma aka rage kuɗin asibiti da rabi, aka ce haihuwa kanta kyauta ce a gidajen likita na gwamnati. A 2012 haihuwa 3 cikin 10 kaɗai ake yi a hannun ma'aikacin da ya koyi aikin, a 2021 an wuce 4 cikin 10. Ke nan an yi kira ga mata su zo, sun kuwa fara zuwa. Saura a tambayi abin da za su tarar in sun zo.

Ungozomominmu suna fitowa ne daga makarantar lafiya ta ƙasa, ENSP, ta Yamai wadda take ɗauke da sunan marigayi Damure Zika, ko ta Damagaram, ko kuwa daga makarantu masu zaman kansu da suka yawaita cikin shekarun nan. Wadda take son ƙari bayan ta kama aiki, sai ta jira jarrabawar gasa, in ta ci ta nemi izini, ta ɗaure kayanta ta nufi babban birni, ta yi shekara 2 ko 3. Makarantar ta Yamai tana cikin cibiyoyi uku da shirin SWEDD na Bankin Duniya ya zaɓa, tare da ta Abijan da ta Bamako, domin ba da mastar ga ma'aikatan jinya da ungozomomi na ƙasashen Sahel. Abin alfahari ne. Sai dai kujerun kaɗan ne, kuma daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400.

To, a ɗauki gidan likita na ƙauye, irin wanda muke kira CSI, can cikin ƙasar Bazaga ko Dogerawa ko Tajaye, mai ungozoma guda tak. Ranar da ta tafi karatu, ɗakin haihuwa ya koma hannun majo, wanda sau da yawa namiji ne, ga kuma nasa aikin ya yi masa yawa. Mun san halin ƙasarmu: akwai matan da gara su haihu a bayan ɗaki da namiji ya tsaya a kansu, akwai kuma mazan da ba za su yarda ba ko da matan sun yarda. Wadda za ta maye gurbin sai an jira ta wata da watanni. Ita kuma wadda ta tafi, kafin ta gama ta sa yaranta lakwal a Yamai, ta saba da famfo da kuran, wani ofishi ko wata ƙungiya sun gane ƙwazonta sun yi mata tayi. Ba na ganin laifinta, kowa yana son gyaran rayuwarsa. Amma gaskiyar magana ita ce karkara ce take biyan wahalar karatun, birni ya ci amfaninsa.

Mafi yawa kuwa ba su tafiya ko kaɗan. Ga miji, ga goyo, ga uwar miji mai ciwo, ga rashin abin da za a kama ɗaki da shi a birni. Sai mace ta yi shekara 15 ko 20 tana aiki da abin da ta rubuta cikin littafinta tana budurwa. Alhali kuwa ilimin likita ba gero ba ne da za a zuba cikin rumbu a rufe, a zo a tarar da shi yadda aka bar shi.

Ga misali. Shekara da shekaru ana koya wa ɗalibai cewa awon ciki sau 4 ya wadatar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a mai da shi sau 8, mafi yawansu cikin watannin ƙarshe, lokacin da hawan jini da jijjiga suke shammatar mai ciki. Allurar ositosin, wadda ake yi wa mace don mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, tana bukatar sanyi, zafin watan Afrilu na Adar yana rage mata ƙarfi in babu firiji. A 2018 wani babban gwaji ya tabbatar da wata allura mai suna karbetosin wadda aka gyara ta jure zafi. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2023. An daɗe da sanin cewa ido yana ruɗin ma'aikaci wajen kimanta jinin da mace ta zubar: sai ya ga kamar kaɗan ne, alhali ta zubar da rabin lita ko fiye. Sai aka yi gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da dubu 200, cikin shugabanninsa har da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano. Aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, wadda take tara jinin a gani ƙuru-ƙuru. Da ya kai iyaka, sai a yi mata dukan magungunan a lokaci guda, wato murza mahaifa, da allurar tsuke ta, da allurar tsai da jini, da ƙarin ruwa, da binciken inda jinin yake fitowa, maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan a jira. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Babu wata na'ura mai tsada a ciki. Leda ce, da sanin abin da za a yi, da yin sa kan lokaci.

Mu ma muna da namu. Daga 2015 zuwa 2020 ma'aikatar lafiya ta Nijar, tare da wata ƙungiya mai suna HDI, ta bi gidajen haihuwa na ƙasa da wata dabara mai hawa uku: ƙwayar misoprostol, in jini bai tsaya ba a sa kwaroron roba da aka ɗaura a bakin tiyo cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, in ana bukatar tafiya asibiti kuma a ɗaure mace da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Mujallar likitoci ta The Lancet Global Health ta buga sakamakon a 2023: mutuwar mata ta dalilin zubar jini a gidajen likita ta ragu da fiye da rabi. Duniya ta yaba wa Nijar. Abin da ya kamata mu riƙe a ciki shi ne an yi nasara ne domin an kai ilimin har ga ma'aikaciyar ƙauye.

Yaya ake kai mata sabon ilimi a yau? Galibi ta hanyar taron ƙara wa juna sani na kwana 3 ko 5 a Tawa ko a babban garin gunduma, in wani mai ba da taimako ya kawo kuɗi. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda ake rabon waɗannan tarurruka. Akwai kuɗin guzuri a ciki, don haka sau da yawa fuskokin da aka gani bara su ake gani bana, wadda take can ƙarshen hanya kuwa sai dai ta ji labari. Ga shi kuma taimakon waje ba abin jingina ba ne: a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, shirye-shirye da yawa a Afirka suka tsaya cik. Taron kwana 5 kuma, komi kyansa, ba ya ƙara wa ma'aikaciya matsayi ko dala guda a albashi.

Masu cewa karatu daga nesa baƙon abu ne, ina tuna musu tarihinmu. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo na Nijar, manoma suna taruwa da dare su saurari darasi su yi muhawara su mai da amsa. Daga 1964 ƙasarmu ta shiga koyar da yara ta talabijin, har mutane suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje su ga yadda ake yi. A fannin likita kuwa, tun 2001 asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis ya fara da Mali wani shiri mai suna RAFT, wanda daga baya ya game ƙasashe da yawa har da tamu, likitoci suna sauraren darasi kowane mako ta intanet mai rauni. Akwai kuma wata manhajar salula mai suna Safe Delivery, wadda wata gidauniya ta ƙasar Danmak ta fitar a 2015, tana nuna matakan ceton uwa da jariri cikin hotuna masu motsi, akwai ta da Faransanci, kuma da an sauke ta cikin waya ba ta ƙara bukatar rezo. Ke nan ba daga sama za mu faro ba. Abin da ya rage shi ne a tattara waɗannan gutsattsari a mai da su karatu mai tsari, mai jarrabawa, mai difloma.

Yanzu bari in koma ga masu suka, domin suna da gaskiya a wuri guda babba. Hannu ba ya koyo daga allon waya. Fitar da mabiyiya da ta maƙale, ɗinke yagewa, juya kafaɗar jaririn da ta sarƙe, hura wa jaririn da bai yi kuka ba iska cikin minti na farko, duk waɗannan sai an yi su a gaban wanda ya iya, an yi kuskure an gyara. Duk makarantar da ta ce za ta ba ungozoma babbar difloma ba tare da wani ya taɓa ganin hannunta a kan aiki ba, to kasuwanci take yi. Amma a lura, ba yarinya sabuwar fita daga lakwal muke magana a kanta ba. Muna magana ne kan macen da ta riga ta karɓi haihuwa ɗaruruwa. Abin da take nema shi ne sanin dalili: me ya sa ake ba da wannan allura ba waccan ba, yaya ake karanta takardar bin naƙuda a gane tun da wuri cewa wannan sai fiɗa, yaya ake binciken mutuwar da ta auku don kada ta sake aukuwa, yaya ake riƙe lissafin magani, yaya ake koya wa na baya. Kashi mai yawa na wannan ana iya karanta shi a ko'ina. Sauran kuma, na hannu, ba sai an je Yamai ba. Muna da asibitin gunduma a Ƙonni da Illela. Muna da cibiyar uwa da yaro a Tawa. A cikin gundumar Malbaza kanta ga asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950, mata suna zuwa masa har daga ƙetaren iyaka. Sati 2 ko 3 a ɗaya daga cikinsu, sau biyu ko uku a shekara, da littafin da babbar ungozoma ko likita zai riƙa sa wa hannu bisa kowane aiki da ɗaliba ta yi, ya fi sauƙi bisa ƙauye da rashin ungozoma na shekara 3.

Abin da ya fi damuna ni ba wannan ba ne, maganar takarda ce. Wata ƴar'uwata ungozoma ta taɓa kawo mini wata shaida da ta samu daga wata makaranta ta waje, in fassara mata don ta haɗa da takardun neman ƙarin matsayi. Ta yi wata 10 tana karatu da dare, ta sayar da tumakinta biyu ta biya. Takardar ga hatimi ga zinariya a gefe. Da na karanta ƙananan rubutun da yake ƙasa, sai na ga an ce shaidar halarta ce kurum, ba ta da darajar difloma ko a ƙasar da aka buga ta. Ban san ranar da na ji nauyin faɗa wa mutum gaskiya kamar ranar nan ba. Ire-irenta suna da yawa, domin talla tana shigowa cikin wayar kowa, ta Facebook da WhatsApp, babu mai tace ta. Na gaskiyar kuma, na manyan jami'o'in Ingila da makamantansu, da Ingilishi ake yin su, kuma kuɗin shekara guda ya fi albashin ungozomarmu na shekara.

Maganin wannan yana hannun hukuma, ba ya cin kuɗi mai yawa. Akwai majalisar CAMES, wadda shugabannin Afirka suka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu, aikinta ke nan tantance difloma. Ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi da ta ma'aikatan gwamnati su zauna su fitar da jerin karatun nesa da aka yarda da su, a manna shi a ƙofar kowane ofishin likitan gunduma, a karanta shi a gidajen rediyo. Wanda ya fi wannan kuma, makarantunmu su buɗe nasu. ENSP tana da malamai, sashen likita na Jami'ar Abdu Mumuni yana da su, babban gidan haihuwa na Isaka Gazobi cike yake da ƙwararru. Darasin da malami zai yi wa mutum 30 a cikin aji, in an ɗauke shi da kyau, mutum 300 za su amfana. Jarrabawa kuwa a yi ta ido da ido, a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, don kada wani ya rubuta wa wani.

Sai maganar wuta da rezo. Mazauna ofis masu sanyaya ɗaki suna saurin manta wannan. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, manyan birane ma sun ɗanɗana, balle ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba. Malbaza tana da tashar hasken rana mai megawat 7 tun 2018, ita ce ta farko a ƙasar nan, amma ka yi tafiya kaɗan daga kwalta ka tarar ana kai waya caji kasuwa. Kamfanonin waya suna nan, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, a 2025 kuma Starlink ta fara aiki a Nijar. Duk da haka akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun magana. Saboda haka karatun da zai yi mana amfani shi ne marar nauyi, wanda za a sauke ranar da aka shigo gari a tafi da shi, a saurara ko a karanta lokacin da aka samu sarari. Darasin da aka ce dole kowa ya kasance gaban kwamfuta da ƙarfe 4 na yamma, an yi shi ne don mutanen birni. Naƙuda ba ta duba agogo.

Ni da za a tambaye ni, da na ce a ware ɗaki guda a kowane babban garin gunduma, Ƙonni da Malbaza da Illela, a sa masa sola da kwamfuta 5 ko 6 da intanet da hukuma take biya, da mutum-mutumin roba na koyon karɓar haihuwa, a ɗora wata dattijuwar ungozoma a kansa a riƙa ba ta ɗan alawus. Kowace ɗaliba a rubuta mata yini guda cikin sati ko cikin sati biyu a matsayin ranar karatu, a san wanda zai tsare mata ɗaki. In ba a rubuta ba, to karatun zai koma tsakar dare, bayan ta sallami marasa lafiya, ta dafa tuwo, ta kwantar da yara. Namiji ma'aikaci yana dawowa gida ya tarar da abinci. Ita ita ce mai dafawa. A nan mazajen ungozomomi suna da nasu aikin, kuma ƙasar da ta ƙirƙiro makarantar mazaje a jihar Damagaram, har maƙwabta suka kwaikwaya, ba ta rasa yadda za ta yi musu magana ba.

Wani zai ce: to, in ta samu mastar ai ita ma za ta gudu birni. Zai yiwu. Amma wadda ta yi karatu tana cikin gidanta, yaranta suna lakwal ɗin garin, gonar mijinta tana nan, ba ta da saurin tashi kamar wadda ta riga ta yi shekara 3 a Yamai. Kuma hukuma tana iya ɗaure abin da alkawari: mun biya miki karatu, ki yi mana shekara kaza a gundumarki. Sharaɗin adalci ne muddin hukuma ita ma ta cika nata, wato ƙarin matsayi da albashi su iske ma'aikaciya a inda take. Matuƙar sai an zauna a ofis ake hawa, to duk mai ilimi ofis zai nufa. Rahoton ungozomomi na duniya na 2021 ya ce ana da giɓin ungozoma dubu 900. Kowace ƙasa tana farautar ƙwararru, ƙungiyoyi ma haka. Wanda bai riƙe nasa da kyau ba, wani zai ɗauke.

Akwai abu guda da nake roƙon masu tsara darussan kada su manta, kuma a nan aikina na fassara ne yake magana. Ungozoma tana karatu da Faransanci, amma mai ciki ba ta yi mata bayani da Faransanci. Ce mata take yi kaina yana sarawa, idona yana ganin hazo, zobena ya matse ni. Mai ilimi ta san waɗannan alamun jijjiga ne na tafe, sai ta ɗauko abin awon jini. Tsohuwa tana cewa zaƙi ne ya tare hanya, a ba ta jiƙo. Wata ta ce gishiri ne, a kira wanzami ya yanka, yankan da yake jawo wa yarinya yoyon fitsari, a ƙare da ita a asibitin Danja kusa da Maraɗi. Ga kunyar haihuwar fari, wadda take sa yarinya ta danne naƙuda yini guda ba ta faɗa wa kowa ba. Babu jami'ar Turai da za ta koya wa ɗaliba yadda za ta amsa wa tsohuwar nan ba tare da ta ci mata fuska ba, har gobe ta sake kawo mata jikarta. Wannan darasi sai mu. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ga wuri guda da za a nuna abin ba a takarda ya tsaya ba. A sa sashen Hausa cikin karatun, da Fulatanci da Tamajak domin makiyayan yankin, a tattara kalmomin da mata suke faɗa, a daidaita su da na littafi. Ungozomar da ta samu wannan ita ce za ta iya jawo arwanka ta gari a jiki, ta mai da ita mai rakiyar mata zuwa likita kan lokaci, kamar yadda aka yi ƙoƙari tun shekarun 1960 da aka fara horar da ungozomomin gargajiya a ƙasar Maraɗi.

Ba na cewa a buɗe wa ƙasa duka a rana ɗaya. A fara da gundumomin nan uku, tun da suna jere bisa hanya, ga Tawa kusa, ga Galmi a cikinsu. A ɗauki ungozoma 20 ko 30, a ba na ƙauye fifiko bisa na gari, a haɗa da ƴan ma'aikatan jinya da suke karɓar haihuwa inda babu ungozoma. Bayan shekara 2 a zauna a duba littattafan gidajen haihuwarsu: mata nawa aka aika asibiti kan lokaci, nawa aka yi jinkiri, jarirai nawa aka ceto. In abin ya yi kyau a kai shi Madawa da Buza da Keita, in bai yi ba a san inda ya gurgunce.

Amma kafin ɗaliba ta farko ta rubuta sunanta, ina roƙon magabatanmu na ma'aikatar lafiya da ta ma'aikatan gwamnati su fitar da takarda guda, mai lamba da kwanan wata, wadda ta ce difloma kaza da aka samu ta karatun nesa daidai take da wadda aka samu a cikin aji, kuma mai ita za ta hau matsayi kaza. Ita ya kamata a fara sa wa hannu, tun ba a sayi kwamfuta ko guda ba.